Ɗari Shida da Arba'in na Halina

Ƙarfe goma da rabi na safiyar Asabar aka kira ofishin 'yan sanda daga zauren baje-kolin finbol, aka ce an yi sata. Da aka tambayi abin da aka sace, mai kiran ya ce gilashi. Babu wanda ya yi rububin tafiya. Sai aka tura Sufeto Terrence Gaddy, wanda daman duk aikin da kowa ya ƙi shi ake miƙa wa.

Mu mutanen Chicago mun san wannan taro na kowane Nuwamba. A garin nan aka ƙera injinan tun kakanninmu suna samari: akwati mai ƙafa huɗu, ƙwallon ƙarfe yana gangarowa, kai kuma kana make shi da 'yan hannaye biyu kada ya faɗa rami. Yawancin masana'antun sun rufe, amma sun bar mana tsofaffi masu furfura da za su iya zubar da hawaye saboda ƙarzanen da bai kai farce ba. Ban ce ba su da hankali ba. Na dai ce yadda suke shafa injinan nan, ban taɓa ganin sun shafa kan jikokinsu haka ba.

Gaddy ya shiga riƙe da kofin gahawar da ta riga ta huce. Jama'a sun yi cincirindo a kan inji guda, kamar an yi haɗarin mota.

Kusa da injin wani tsoho na zaune, hannuwansa a kan gwiwa. Kazimir Rudnik ke nan, Kaz a bakin abokai, shekararsa tamanin da ɗaya, babban alƙalin gasar tsofaffin injina da ake yi a taron tun shekara talatin da suka wuce. Shi ke duba fenti, da katako, da gilashi, da ko kowane noti shi ne wanda masana'anta ta ɗaura. In ya kama abin da aka canza, sai ya manna jar takarda a goshin injin, ya faɗi maganar da kowa ya haddace: tsufa ba laifi ba ne, ƙarya ce laifi. Ya raba mutane da yawa da kofin gasa da wannan magana.

Yau jar takardar a goshin injinsa take.

"Kai ne mai ƙara, dattijo?" in ji Gaddy.

"Ni ne. An sace min gilashin kan injina."

Gaddy ya ɗaga ido. Allon gilashin da ke tsaye a kan injin yana nan, fitilu na haska shi ta baya. An rubuta Tauraruwar Tafki, ga wata mace cikin shuɗiyar riga tana dariya a bakin ruwa.

"To ai ga shi nan."

"Wannan ba shi ba ne, wai." Tsohon ya nuna allon. "Ni na zana shi ina ɗan shekara ashirin da huɗu. Matar nan Halina ce, matata. Shekara shida da rasuwarta. Inji goma sha ɗaya kawai aka yi kafin kamfanin ya durƙushe. Yau an ce min wanda nake gaisarwa kowace safiya na jabu ne, kuma ni na saka shi."

Daga bayan jama'a wani ya ce, da ƙarfin da zai sa a ji, "Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi." Aka yi 'yar dariya. Tsohon bai waiwaya ba.

Wanda ya manna takardar shi ne mataimakin alƙali, Trent Maddox, mutum mai gyararren gemu da rigar da ba ta san baƙin mai ba. Ya miƙa wa Gaddy madubin ido irin na masu gyaran agogo.

"Duba kumatunta, yallaɓai. Ka ga ɗige-ɗige? Aikin injin buga hoto ne. Na asali fenti ne aka shimfiɗa, launi bayan launi. Ko yaro ya san wannan."

"Yaushe ka fara zargi?"

"Yau da safe. Ina dubawa na gani."

"Daga ina kuke fara duba inji?"

"Daga ƙafafu, mu yi sama. Tsarin Rudnik ne."

Gaddy ya karɓi katin maki daga hannunsa. Gurbin ƙafafu babu komai. Gurbin katako babu komai.

"Kai kuma ka tsallake duka, ka tafi kan kumatunta kai tsaye. Wa ya gaya maka?"

Maddox ya sosa gemu. Ya dubi rufin ɗaki.

"A watan Yuli na je wajen mai buga irin gilasan nan. Na ga gwajin wannan zanen a cikin shara. Na ɗauka tsohon ne ya sa aka yi."

"Wata huɗu kana riƙe da maganar. Ba ka kira shi ba, ba ka je gidansa ba."

"Yallaɓai, sau uku ya manna min jar takarda a gaban mutane. Sau ɗaya saboda noti guda! Ni ma na so ya ɗanɗana."

"Ya ɗanɗana. Yanzu ɗauki katinka ka duba injin nan daga ƙafafu, kamar yadda aka koya maka."

Maddox ya durƙusa ba don yana so ba. Ya yi minti ashirin yana leƙe-leƙe, Gaddy na tsaye a kansa. Da ya kai filin da ƙwallo ke gangarowa, sai ya tsaya.

"Ikon Allah."

"Mene ne?"

"Robobin da ke zagaye da ginshiƙan nan duk sun yi rawaya, sun bushe, tun na masana'anta ne. Amma dubi wancan na sama ta hagu. Fari fat. Sabo ne."

"Me ke tsinka roba?"

"Ƙwallo. Sai an buga wasa."

Gaddy ya koma wajen tsohon.

"Wa ke buga injin nan?"

"Babu." Rudnik ya ɗaga hannu wajen gilashin, inda lambobin maki ke leƙowa ta 'yan tagogi. "Ka ga ɗari shida da arba'in? Wasanta na ƙarshe ke nan, ana gobe za a kai ta asibiti. Ba ta iya ba sam, Allah ya ji ƙanta, amma tana so. Injin nan ba ya goge maki sai an danna maɓallin fara sabon wasa. Shekara shida babu yatsan da ya taɓa shi. Ina kunna fitilu kawai."

"Akwai abin da ke ƙirga wasanni?"

"Akwai mita a cikin ƙofar gaban injin. Dubu uku da ɗari da goma sha takwas. Kowace shekara haka nake rubutawa a kati."

Gaddy ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara. Ya haska tocila cikin ƙofar. Ya daɗe yana kallo.

"Ka duba kafin ka rubuta bana?"

Tsohon ya kau da kai. Sannan ya ce, "Na san lambar."

"Dubu uku da ɗari da goma sha tara ne, dattijo."

Gaddy ya ga yadda idon tsohon ke neman fuskarsa yana wucewa ta gefen kunne. A nan ya gane abin da duk zauren bai gane ba: babban alƙalin ya daɗe yana alƙalanci da abin da ya haddace. Idon ya tafi.

Gaddy ya ja Maddox gefe.

"Ana iya mayar da mita baya?"

"A'a, a liƙe take."

"Lambobin maki fa?"

"Waɗannan kam ana iya juya su da yatsa ta baya, ɗaya bayan ɗaya, in mutum ya san hanya."

Ke nan wani ya buga wasa, makin Halina ya goge, sannan ya zauna ya mayar da shi ɗari shida da arba'in. Gaddy ya yi shekara ashirin da shida yana kama ɓarayi. Bai taɓa ganin wanda ya damu da makin matar mai gida ba.

Da azahar ya sami 'yar tsohon, Monika, a gidan mahaifinta, wani ƙaramin gidan bulo da ke warin miyar kabeji. Ma'aikaciyar jinya ce, ba ta ma cire kayan aiki ba.

"Wa ke da mabuɗin ɗakin ƙasa, inda injin yake?"

"Baba da ni."

"Kin taɓa ba wani?"

"Ko sau ɗaya."

"Babanki ya taɓa kwana a waje bana?"

"A watan Maris, kwana tara, da aka yi masa aikin ido." Ta ɗauki tsumma ta fara goge teburin da ba shi da datti. "Aikin da bai yi amfanin komai ba."

"Wa ya kula da gidan?"

"Ni."

"Kina asibiti da shi, kina kuma gida. To wa ke zubar da ruwan na'urar da ke tsotse laima a ɗakin ƙasa? Na leƙa. An rubuta a jikinta a zubar kullum."

Tsumman ya tsaya.

"Malama Monika, yau an kira babanki maƙaryaci a gaban mutum ɗari uku. In ban gano wanda ya yi ba, da wannan sunan za a binne shi. Kuma gilashin mahaifiyarki yana wani wuri."

Ta zauna. Idonta ya cika.

"Kawu Lyle na ba. Ba ɗan'uwanmu ba ne, amma shi ya riƙe ni a coci ranar da aka sa min suna. Tare suka yi aiki da Baba a masana'anta. Ya ce zai riƙa zubar da ruwan. Wallahi iyakar abin da na sani ke nan. Baba ya hana shi taɓa injin tun rasuwar Mama, sun yi ta rigima a kai. In ya ji ni na ba shi mabuɗi..."

"Ya riga ya ji," in ji wata murya daga bakin ƙofa.

Rudnik ne, da hularsa a hannu. Ya ce duk inda za a je, da shi za a je. Gaddy ya so ya hana, ya dubi fuskar, ya fasa.

Lyle Hoffer yana gyaran injina a garejin gidansa, can yamma da gari. Shekararsa saba'in da tara, yatsunsa duk tabon ƙuna. Gaddy ya bar uba da 'ya a mota, ya shiga shi kaɗai. Ya tarar da shi rabin jikinsa a cikin wani inji.

"Sannu da aiki, Malam Hoffer. Ba ka je baje-koli ba bana."

"Baya ke damuna." Bai ciro kansa daga injin ba. "Kuma wa ke son kallon tsofaffi suna faɗa a kan noti?"

"Yaushe rabonka da Tauraruwar Tafki?"

"Shekara shida. Kaz ya ce in na taɓa ta sai ya karya min yatsu. Da wane ƙarfin, oho."

"A watan Maris fa?"

"Na zubar da ruwa na fita. Ko kallon inda take ban yi ba."

Ya miƙe, ya ciro wata farar roba daga aljihun riga ya ɗaura a ginshiƙi, ya sauke filin wasan, ya zura murfin gilashi, ya kulle ƙofar gaba. Yana yi yana magana a kan sanyin bana da yadda masu kwashe dusar ƙanƙara a titi suka lalace. Yana tsakiyar magana babban yatsansa ya sauka a kan maɓalli. Injin ya yi gurnani, lambobin maki suka juya kaf-kaf-kaf suka koma sifili, ƙwallo ya faɗo cikin hanyarsa.

"Me ya sa ka danna?" in ji Gaddy.

"Na danna me?"

Gaddy ya nuna. Hoffer ya dubi yatsansa, ya dubi jerin sifilin. Ya lalubi kujera ya zauna.

"Shekara sittin," ya ce a hankali. "Ba a rufe inji sai an gwada shi. Abin da aka fara koya mana ke nan. Hannun ne ke yi, ba ni ba."

Hali zanen dutse, in ji mutane. Gaddy bai ji daɗin nasarar ba ko kaɗan. Ya ciro littafinsa kawai.

"Daga farko."

"Fentin yana zuba, yallaɓai. Tun shekara uku nake ganin ɓurɓushinsa a ƙasan akwatin kamar amosanin kai. Ya fara daga gefen rigarta yana hawa sama. Na ce Kaz, bari in fesa masa abin da zai kama fentin. Ya ce in an fesa ya tashi daga na asali. Na ce to za ta zube gaba ɗaya! Ya ce tsufa ba laifi ba ne. Shi ba ya gani, ni ke gani."

"Sai ka sa aka buga wani."

"Na mako biyu kawai. In saka na jabu ya riƙe wuri, in gyara nata, in mayar, babu wanda ya ji babu wanda ya gani. Na saka, na kunna fitilu in ga ko ya zauna daidai. Sai kawai na ji kaf-kaf-kaf." Ya rufe ido. "Ina kallo makinta ya tafi. Na tsaya kamar gunki. Dole na ƙarasa wasan don injin ya kwanta, ƙwallo na biyu ya tsinka roba. Na zauna a ƙasa ina juya lambobi da yatsa ina kuka kamar yaro."

"Ina gilashin?"

Hoffer ya ɗaga kai. Idonsa yana kan ƙofar garejin. Rudnik na tsaye a wurin, Monika riƙe da gwiwar hannunsa. Babu wanda ya san tun yaushe.

"Kaz."

"Ina Halina, Lyle?"

Hoffer ya tashi, ya je bayan wata durowa, ya jawo wani abu naɗe cikin bargon sojoji. Ya ɗora a kan teburin aiki. Sai da ya yi yunƙuri biyu kafin ya iya buɗewa.

Ruwan tafkin yana nan. Rubutun yana nan. Shuɗiyar rigar ma tana nan har wuya. Daga wuya zuwa gashi kuwa gilashi ne garau, ana hango katakon teburin ta cikinsa.

Monika ta toshe baki.

"Na yi wa gilashi fiye da ɗari wannan feshin," in ji Hoffer. "Ko ɗaya bai taɓa ɓaci ba. Wannan hannuna ya yi rawa, na zuba da yawa don ina tsoro. Da safe na tarar ya tattare kamar fatar madara." Ya ɗauko wata kwalbar zuma daga kan kanta. A gindinta akwai ɗan ɓurɓushi, ruwan hoda da ja, bai kai cokalin shayi ba. "Na tsince duk abin da na iya."

Garin neman gira an rasa ido, kuma babu wanda ke cikin garejin da yake buƙatar a faɗa masa.

"Wata takwas ina jira ka gane, Kaz. Kullum in waya ta yi ƙara sai in ce yau ce. Na so ka gane. Na so ka zo ka mare ni. Amma sai ka kira ni ka ce min yau Halina ta yi kyau da hasken safe."

Rudnik ya matso. Ya lalubi gefen gilashin, ya ɗaga shi ta baki-baki da tafin hannu biyu, yadda 'yan sana'ar ke yi. A wajensu ba a taɓa bayan gilashi, inda fentin yake, ko da wasa. Ya juya shi wajen tagar garejin, inda rana mai sanyi ke shigowa. Ya kawo fuskarsa kusa har numfashinsa ya yi hazo a jiki.

"Monika."

"Na'am, Baba."

"Tana nan?"

Monika ta dubi Gaddy. Gaddy ya dubi littafinsa. Hoffer yana gyaɗa mata kai da sauri, yana roƙonta da ido ta ce e. Kalma ɗaya ce, kuma tsohon ba shi da hanyar ganewa har ya koma ga Allah.

Amma a gidan Rudnik ta tashi.

"Babu ita, Baba. Fuskar ta tafi."

Rudnik ya daɗe riƙe da gilashin a sama.

"To, shi ne na asalin," ya ce.

Ya sauke shi a kan bargon a hankali. Ya sa hannu a ƙirji, ya cire lambar alƙalancin da ke maƙale a rigarsa tun safe, ya ajiye ta kusa da kwalbar zumar.

"Sufeto, ka gaya wa yaron nan Maddox jar takardarsa tana kan daidai. Kada ya cire. Alƙalin da ya yi wata takwas yana gaida hoton jabu ba shi da abin cewa a kan notin kowa."

"Zan rubuta cewa ba kai ka canza ba, dattijo. Zan kai wa masu baje-kolin da kaina."

"Rubuta." Ya juya wajen ƙofa. "Wa zai karanta min?"

Gaddy ya rufe littafin. Ya faɗa wa Hoffer abin da doka ta ce a faɗa, Hoffer na amsawa da kai. Sannan Hoffer ya miƙo hannuwa biyu da kansa. Gaddy ya dubi yatsun masu tabon ƙuna, ya mayar da ankwa cikin aljihu, ya riƙe shi a kafaɗa kawai.

A bakin ƙofa suka gifta Rudnik. Hoffer ya tsaya.

"Kaz, ka ce wani abu. Ko zagi ne."

Rudnik ya juyo da fuskarsa wajen muryar, idon ya wuce ta gefen kunne.

"Ɗari shida da arba'in ɗin ma naka ne?"

"Nawa ne."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya miƙa hannu, Monika ta kama, suka nufi mota.

Gaddy ya sa Hoffer a kujerar baya, ya dawo ya ɗauki gilashin da bargonsa da kwalbar, don dole su shiga ɗakin ajiyar shaida. Zai ja ƙofar garejin ke nan ya ga injin da Hoffer ya kunna yana nan da fitilunsa, maki sifili, ƙwallon yana zaune a hanyarsa yana jiran wanda zai harba shi.

Ya zare wayar daga bango, ya ja ƙofa.